Soket Mai Baki Biyu

Na yi aikin wuta a motoci da yawa tun zuwana Dubai, akasarinsu ko launinsu ba na iya tunawa, amma akwai guda ɗaya da ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Mota ce mai ɗaki a ciki, da gado da banɗaki da wurin girki, irin wadda Larabawa ke fita sahara da ita idan sanyi ya shigo. A lokacin ina aiki a wani gareji a Al Quoz, kuma in faɗi gaskiya ina ji da kaina. Ina ganin ba waya a duniyar nan da za ta gagare ni.

Wanda ya kawo motar wani Alhaji ne ɗan Nijar, ɗan kasuwa, mutum mai sanyin magana. Mahaifinsa ya zo jinya, likitoci sun hana shi hawa jirgi, shi kuwa tsohon ba shi da buri sai ya ga Ka'aba da idonsa kafin ya cika, don bai taɓa zuwa ba. Shi ne Alhaji ya sayi motar ta hannu don ya tuƙa shi zuwa Makka a kwance. Abin da ya kawo shi wurina talabijin ne. Tsohon ya saba wuni yana kallon tashar da ke nuna ɗawafi, yana so a sa masa ita a gaban gadon.

Abokin aikina, wani dattijo ɗan zangon Kumasi, ya ba da shawarar a sa ƙarama wadda ake yi musamman don mota, mai shan wuta kai tsaye daga batir. Na yi masa dariya, na ce mutumin da zai kai ubansa Makka ba za a maƙala masa abu kamar faranti ba. Na ja Alhaji zuwa babbar kasuwar 'yan Sin da ke International City, na zaɓo masa ƙatuwa irin ta falo. Irin wannan ba ta shan wutar batir sai da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida. Na lissafa abin da talabijin ɗin ke ci, na sayi inbata daidai ita, ba ƙari. Don aikin ya yi kyau, na kafa soket mai baki biyu a bango, fari tas, kamar na ɗakin otal.

Ina cikin ɗaure waya dattijon ya ce in tambayi Alhaji me da me zai jona. Na tambaya, amma tambayar fita hakki.

"Ba wani abu, Malam," in ji Alhaji. "Tele, da cajin waya, sai ɗan injin tsoho. C'est tout, shi ke nan."

Ɗan injin tsoho. Mu dai an san mu, ba ma faɗin ciwon iyayenmu da sunansa. Mutum na kwance rai a hannun Allah, sai a ce yana ɗan jin jiki. Alhaji ya ƙanƙanta abin don kunya, ni kuma na ji nauyin in tsare babban mutum da tambaya a kan rashin lafiyar ubansa. Na ɗauka rediyo ne ko abin awon jini, na ce masa ba matsala. Ashe injin iskar numfashi ne, wanda shi kaɗai ya ninka talabijin ɗin cin wuta.

Ranar Juma'a suka kama hanya da hantsi. Da farko tsohon yana shaƙar iska daga 'yar tukunyar iskar asibiti da aka tanada don ko-ta-kwana. Da suka yi nisa sai Alhaji ya ga gara a adana ta, ya jona injin a bakin soket na biyu. Me zai hana shi? Soket ne irin na gida, kuma mai aikin ya ce ba matsala.

Ina unguwar Satwa a nan Dubai bayan an sauko daga masallaci, na sa hannu a shinkafa ke nan, wayata ta yi ƙara. Muryar Alhaji ce, a natse, kuma natsuwar ce ta fi tayar mini da hankali. Ya ce komai ya ɗauke, akwai ƙaurin ƙonewa a ƙarƙashin gado, tukunyar kuma saura kaɗan. Ta bayan muryarsa ina jin numfashin tsohon, yana ja kamar ana zare tsumma daga ƙaya. Na sa shi ya cire talabijin, ya duba fis, ya kashe ya kunna. Inbata ta ƙone ƙurmus. Na ce ya kira motar asibiti yanzu-yanzu, ni da dattijon muka ɗauki babbar inbata daga gareji muka bi su. Tafiyar awa uku muka yi, dattijon bai ce mini ai na faɗa maka ba, carbinsa kawai yake ja. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Mun tarar da motar a gefen titi a kulle, an riga an wuce da tsohon. Ya rayu a ranar, amma abin ya taɓa shi, likitoci suka ce batun doguwar tafiya ya ƙare.

Sai da na yi kwana huɗu kafin na iya shiga ɗakin da yake. Na durƙusa a gaban gadon na ce, "Baba, ni ne na yi aikin wutar. Laifina ne, ka yafe mini." Ya daɗe yana dubana, sannan ya janye robar da ke fuskarsa.

"Kai ne mai telen nan?" ya ce. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ban taɓa ganin Ɗakin Allah da girma haka ba. Har hannu na miƙa."

Na fita na tsaya a baranda na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Bayan mako uku ya cika, aka binne shi a nan Dubai. Alhaji bai taɓa ɗaga mini maganar ba, ko a wurin gaisuwa cewa ya yi haka Allah ya rubuta. Na yarda da ƙaddara, amma na san ta hannun wa ta biyo.

Tun daga ranar ban ƙara kafa soket ba sai an ɗauko mini duk abin da za a jona, na juya bayansa na karanta da idona. Wasu suna cewa na cika bin diddigi, wani ma ya taɓa cewa ba ni da kunya. Na ji, na ɗauka. Kunya ado ce a zaure, amma mai sana'ar da ran mutum zai rataya a kan wayarsa ba shi da hurumin jin nauyin tambaya. Tambaya ɗaya na bari a bakina, wani bawan Allah ya tsaya a iya hoton Ka'aba.