Mma Azaratu da Tasar Gidan Sarki Awalu

Mma Azaratu gajeriya ce mai kauri, muryarta kamar ta mai kiran fasinja a tashar trotro, motocin haya. Ba wanda ya taɓa kiran ta kyakkyawa, ita ma ba ta nema ba. Amma daga tsohon Zango har Moshi Zango, in aka ce aluwanka, wato matar da ke sa wa amarya lalle, ta wanke ta, ta kai ta ɗakin miji, sunanta ake fara ambata. Shekara talatin da takwas ke nan tana wannan aiki.

Ba gadonsa ta yi ba. Ubanta ɗan dako ne a kasuwar goro, uwarta mai koko da ƙosai. Ita kanta ta yi shekara goma sha biyu tana sayar da shinkafa da wake a Adum, a bakin shagunan Asantawa. A can ta koyi yarensu na Twi har ta iya zagi da shi, ta kuma iya ba da haƙuri da shi, wanda ya fi zagin wuya. Ta yi aure biyu. Na farko ya rasu, na biyu ita ta tattara kayanta. Bayan haka ta bi wata tsohuwar aluwanka tana riƙe mata ƙwarya har hannunta ya faɗa.

Abin alfaharinta ɗaya ne, kuma kowa ya gaji da jin sa: ba ta taɓa kwaɓa wa amarya lalle ba, amaryar ta kasa shiga ɗakin miji. Abin da ke faruwa bayan an shiga, ta ce wannan ba aikinta ba ne.

Abin da ya rage mata a rai shi ne tasar gidan Sarki Awalu, sarkin jama'arsu a unguwar. Tasa ce ta tagulla, babba, wadda aka ce kakansa ya zo da ita daga arewa zamanin fataucin goro. Dokar gidan ita ce duk matar da ɗan sarki zai aura, a cikin wannan tasa ake wanke ta. Kuma in tasar ta fita daga gidan, ba ta komawa sai a gaban amarya. In ta koma ita kaɗai, auren ya mutu, ba a sake tayar da zancen. Gwaggon sarki ce kaɗai ke taɓa ta, sai bara Allah ya yi mata rasuwa. Da auren Kamaluddin, babban ɗan sarki, ya taso, aka aiko wa Mma Azaratu.

Ranar ba ta iya cin abinci ba. Ta zaga gida bakwai tana ba da labari, har gidan da ba ta shiri da su. Ta ɗinka sabon leshi. Ranar Juma'a da hantsi ta ɗora tasar a ka da kanta, tana haki, mata na guɗa a bayanta, har Moshi Zango, gidan Iddi tela, uban amarya Sahadatu.

Ta kwaɓa lalle, ta matsa lemon tsami, ta rufe shi ya tsima. Tana cikin wanke hannu sai guɗar ta ɗauke. Mutum shida suka shigo tsakar gida, sun yafa zane a kafaɗa irin na Asantawa. A tsakiyarsu wani dattijo ne dogo, ana riƙe masa laima.

Iddi ya matso kusa da ita. "Mma, kawun Sahadatu ne. Nana Ofosu, yayan marigayiya uwarta."

"Ka gaya masa zancen auren?"

"Ni ne ubanta, ni ne waliyyi. Gidan sarki wurina suka zo."

"Ban tambaye ka wane ne waliyyi ba. Ka gaya masa?"

Iddi ya sunkuyar da kai. Uwar Sahadatu Ba'asantiya ce da ta musulunta, ta rasu yarinyar na goye. Kowa a Zango ya manta cewa 'yar gidan sarauta ce a wani ƙauye can hanyar Mampong. Su ko Asantawa ta wajen uwa suke gado. A wurinsu Sahadatu tasu ce, kuma ɗan da za ta haifa yana iya hawa kujerar sarautar ƙauyen. Ga shi za a aurar da ita ba wanda ya ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Mai magana da yawun Nana ya faɗa a taƙaice: sun zo tafiya da 'yarsu.

Mma Azaratu ta dubi tasar, ta dubi lallen. In yarinyar ta bi su, tasar za ta koma babu amarya, a ranar farko da ta shiga hannunta. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu.

"Iddi, ka bar manyan mutane a tsaye kamar masu jiran mota? Kujeru! Ruwa! Ke, ajiye wayar nan, ba a ɗaukar hoton baƙo kafin ya sha ruwa."

Aka zaunar da su, aka ba su ruwa. Ta tuɓe takalmi, ta bi su da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, daga dama zuwa hagu yadda Asantawa ke yi, sannan ta tambayi abin da ke tafe da su da Twi mai laushi, kamar ba ta riga ta ji ba. Nana ya ɗan ɗaga gira.

Ana haka Waziri Sanni ya iso daga gidan sarki, rawani ya karkace don sauri. Ya nufi Nana kai tsaye da hannu a miƙe, don a Zango babba ake fara gaisarwa. Mma Azaratu ta cafke masa gefen riga.

"Ranka ya daɗe, daga can ƙarshe za ka faro."

"In fara da mai riƙe laima? Ni Waziri?"

"Laimar ma in tana da hannu ka gaishe ta. Tafi."

Ya tafi yana gunaguni. Da aka zauna, sai gardama ta kaure, ita tana juya magana daga wannan yare zuwa wancan, tana zubar da zafin a hanya. Nana ya ce ɗa na uwarsa ne. Waziri ya ce ɗan sarki na ubansa ne, haka dokar gidansu take tun kaka da kakanni. Nana ya ce to 'yarsu ba za ta haifa wa wani gida magaji ba. Waziri ya miƙe ya ce a ɗauki tasa.

"Wanda ya taɓa tasar nan zan karya masa yatsa," in ji Mma Azaratu. Ta faɗa da Hausa, ta maimaita da Twi don kada wani ya ce bai ji ba. "Ku saurara. Waziri, a wurinku yaro gadon ubansa yake ci. Ka roƙi na uwarsa? A'a. Nana, a wurinku gadon uwarsa yake ci. Kana son rawanin Zango? Ba ka so. To me kuke ja? Kowa abin da yake nema yana hannunsa. Yaron da ko cikinsa ba a yi ba ya tashi da gida biyu, rawani a nan, kujera a can. Ni nawa 'ya'yan ko tabarma ba su gada ba, kun ji ina ihu?"

Mai riƙe laima ne ya fara tuntsirewa da dariya. Nana ya yi ƙoƙarin haɗe fuska, abin ya ƙi. Ya ce maganar tsohuwa ta shiga, amma raini dai an yi musu, kuma a al'adarsu ba a wanke raini da baki. A kawo kwalbar giya a ƙwanƙwasa ƙofa.

Mma Azaratu ta ce, "Nana, mu Musulmi ne, hannun da ba ya sha ba ya ɗauka. Ga goro, ga rago."

"Gidan sarki ba ya ba da haƙuri," in ji Waziri.

"Ragon ne zai bayar, ba kai ba. Aika a kawo mai ƙaho."

Kafin la'asar rago ya iso yana turjiya. Nana ya karɓa, ya sa sharaɗi biyu: duk abin da Sahadatu ta haifa a kai shi ƙauye dangin uwa su gan shi, kuma bayan sunan yanka a ba shi sunan ranar haihuwarsa. Waziri ya ce wannan bai taɓa rawani ba. Aka fito da amarya, idanu sun kumbura don kuka, ta durƙusa gaban kawun da ba ta taɓa gani ba. Ya dube ta ya daɗe, ya ce goshin uwarta ne.

Lallen ya riga ya yi kauri. Mma Azaratu ta ƙara ruwa, ta dangwala a tafin Sahadatu da yatsarta, guɗa ta ɓarke har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Da aka wanke, ya kama jawur, fiye da yadda ta saba gani.

Ranar Lahadi aka ɗaura aure, ta wanke amarya a tasar tagulla. Da za a kai ta, tasar na gaba a kan Mma Azaratu, amarya na biye, Asantawa shida na bayanta da laimarsu, suna rawar gangar Zango yadda suka iya.

Bayan mako guda Sarki Awalu ya kira ta fada, ya ba ta sarautar Uwar Tasa, ya ce daga yau ba mai fitar da ita sai ita. Mutane suka jira su ga ta yi kukan murna. Ta yi godiya, ta ce Allah ya ja zamanin sarki, sannan ta ce nan gaba kafin ta ɗauki tasar nan sai an faɗa mata sunan uwar amarya da garinsu.