Abin da Matar Sunke Ta So Tambayata

Tun ina ƙarama ake yi mini faɗa a kan ɓata lokaci. Ba ƙiwa gare ni ba, hankalina ne ba ya zama inda aka ajiye shi. Inna za ta aike ni ɗebo ruwa, sai ta biyo sawu ta tarar da ni a bakin rijiya ina kallon yadda sama ke rawa a cikin guga. A Bukkuyum aka haife ni, a Gummi na yi firamare, sannan aka mayar da Baba Anka inda yake koyarwa. Duk inda muka zauna mu Kirista kaɗan ne, majami'armu ɗaki guda mai rufin kwano a gefen gari. Duk inda muka zauna kuma maganar ɗaya ce a kaina: ga ta can ta tsaya.

Shekarar da na gama sakandare, ina zaman jiran takardar shiga makaranta ta gaba, fastonmu ya yi wa'azi a kan lokaci. Ya ce kwanakinmu ba namu ba ne, aro Ubangiji ya ba mu, kuma zai tambayi kowa abin da ya yi da nasa. Ina zaune cikin mawaƙa, na ji kamar da ni kaɗai yake. Muna komawa gida na ciro takarda daga tsakiyar littafin rubutu, na ja layuka, na raba yinina gida-gida: addu'a da karatun safe, aikin gida, asibiti, koyon waƙa, bitar karatu da ƙannena. Ban bar ko ƙofar da tunani zai leƙo ba. Baba ya ara mini tsohon agogonsa, muka ƙara huda a maɗaurin don ya zauna a hannuna. Inna ta duba takardar ta ce, "To, ina wurin kallon guga?" Ban yi dariya ba, don da gaske nake.

Zuwa asibitin kuwa gubar dalma ce ta kawo shi. Mutanen ƙauyuka irin su Bagega da Sunke suna haƙo dutse mai zinare, su kawo gida a daka a niƙa. Ashe dutsen akwai dalma a cikinsa. Ƙurar ta zauna a tsakar gida, a kwanon abinci, a tafin hannun yara masu rarrafe, yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa. Aka ware musu sashe guda a asibiti. Ni ba ma'aikaciyar jinya ba ce. Wata nas da muke sujada tare ce ta gaya wa Inna ana neman yarinya mai karatu da za ta riƙa zama da uwaye, ta tuna musu lokacin magani, ta kuma yi musu bayani kafin a sallame su. Ina zuwa da hantsi, in tashi ƙarfe huɗu saura kwata, saboda ƙarfe huɗu daidai ake fara koyon waƙa.

Na koyi mayar da agogo irin lokacin da suka sani: wannan da asuba, wannan bayan azahar, wannan in an yi isha'i. Bayanin sallama kuwa na haddace shi har ina gama shi cikin minti goma. Wata biyu ban makara ko sau ɗaya ba, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Cikin damina aka kawo wani yaro ɗan shekara biyu daga Sunke, a bayan babur, tsakanin uwarsa da kakarsa. Uwar ba za ta girme ni ba, siririya ce, lallen ƙafarta ya fara koɗewa. Yaron ɗanta ne na fari. Kowa a ƙasar nan ya san abin da hakan ke nufi: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon mutane, in ana maganarsa sai ta kau da kai, balle a gaban uwar miji. Na san wannan tun ina yarinya, amma a gidanmu ba a yi. Ni ce 'yar fari, Inna kuwa daga bakin ƙofa take ƙwala mini kira da sunana, har maƙwabtanmu a Gummi suna tsokanarta cewa ranar rabon kunya tana kasuwa. Na san al'adar ne kamar yadda mutum kan san sunan garin da bai taɓa zuwa ba.

Kakar ce ke riƙe da yaron, ita ke amsa wa likita. Tsohuwa ce mai barkwanci, kullum da goro a kunci, angonta take ce da jikan.

"Malama mai agogo, mi agogon yac ce yau?"

"Ya ce a ba angonki magani, Goggo."

"To, ka ji. Wanga miji nau, ba noma ba cefane, sai kwanciya ana ba shi a baki. Ke kina son shi? Na bar miki."

"Ni ba na gadon raggon miji, Goggo."

Sai ta yi dariya har goron ya kusa sarƙe ta. Uwar tana can ƙarshen tabarma, ta juya mana rabin baya, tana wasa da bakin gyalenta.

Wata rana tsohuwar ta fita alwala, na shigo ba a ji tafiyata ba. Na ga uwar ta ɗauki ƙafar yaron ta manna a kumatunta, idonta a rufe. Tana jin motsina ta ajiye ta kamar ta taɓa garwashi. Na gani da idona. Na wuce gado na gaba, don lokacin maganinsu ya yi.

Yaron ya samu sauƙi, har yana bin bango. Ana gobe sallama na zo yin bayani. Takardar da aka ba ni ta ce a yi wa uwa, don haka na tsuguna gaban uwar, tsohuwar na gefe, matan ɗakin duk suna ji. Ina farawa ta ja gyale ta fuskanci bango. Na ɗauka ba ta ji ne, na ɗaga murya. Tsohuwar kuma da ta ga ba da ita ake ba, sai ta juya suka ci gaba da hirar gero da ta kusa da ita. Na ce a wanke masa hannu kafin ya ci abinci. Na ce kada a sake shigo da dutse gida. Na ce kada a bar shi ya ci ƙasa a tsakar gida. Na faɗi yadda za a ba da magani da ranar dawowa.

"Kin gane?"

Ta ƙara jan gyalenta.

"Ta ji, Malama, ta ji," in ji tsohuwar, ba tare da ta waiwayo ba.

Na tattara takarduna na fita. Na kai kwanar ginin, wajen famfo, sai na ji ana bina. Ita ce, da buta a hannu kamar mai zuwa bayi. Ban taɓa jin muryarta ba sai ranar, ƙarama ce ƙwarai.

"Malama, don Allah in kin samu sarari, mu zaga nan baya. Magana ce 'yar kaɗan, bisa ga wancan."

Na duba agogo. Huɗu saura kwata ta wuce da minti biyu. A makon nan muna koyon sabuwar waƙa, ni ce kuma aka ba bakin farko.

"Gobe da safe, in Allah ya kai mu. Zan zo da wuri."

"To. Allah shi kai mu."

Ta sunkuyar da kai ta buɗe famfo. Ina tuna saurin da na yi a hanya, ina tsallake kwatami, zuciyata wasai. Na shiga majami'a ana shirin farawa. Na rera waƙar da dukan muryata, ina jin cewa yau ma na ba Ubangiji yininsa cif.

Washegari na zo da wuri kamar yadda na ce. Hadari ya haɗo tun asuba, mai babur ya ce in ruwa ya sauko rafi zai cika, sun tafi. Abin ya ɗan sosa mini rai, sannan lokacin maganin wani ya yi.

Bayan an yanke gero suka dawo. Wannan karon uwar ce ta shigo da shi a ƙirjinta, a gaban kowa, gyalen yana jan ƙasa. Jikinsa ya sanƙare, idanunsa sun kafe sama. Tsohuwar tana biye, ba goro ba magana. Kwanaki aka yi a kansa. Ya rayu, amma wuyansa ba ya tsayawa, in an haska masa tocila idonsa ba ya bi. Nas ɗin ta rasa gane kan abin. An riga an kwashe ƙasar tsakar gidansu an zuba sabuwa, mijin ya daina kawo dutse, an kuma ba da magani yadda aka ce. To ina yaron ya sake samun gubar?

Ni na je na sami uwar, na ce ta ɗauko buta. Muka zauna a gindin darbejiya bayan ginin. Nan ta fara ba ni labari.

Lokacin tana amarya ta so ɗakinta ya fi na kowa. Akwai ƙasar da ke saura in an wanke niƙaƙƙen dutse, mai laushi kamar gari, da ɗan ƙyalli a ciki. Ita ta riƙa kwasowa a kwano, ta kwaɓa da ruwan makuba, ta yi daɓe da hannunta kwana uku. Ya yi kyau har ƙawayenta suna zuwa kallo. Daga baya mijinta ya sayo leda aka shimfiɗa a kai. Ranar da masu kwashe ƙasa suka zo gidan tana bayan labule, maza ne, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ledar sai ita. A gindin gado ledar ta yage, daɓen ya tsage. Nan yaron yake zama yana ƙwaƙula yana kaiwa baki.

"Randa kinka ce kar shi ci ƙasa, na so in tambaye ki ko daɓe ma ƙasa ne. Gaban uwar mijina ba ni iyawa."

"Da kuka koma fa? Ba ki gaya wa kowa ba?"

"Wa zan gaya ma? Na ce Malama tsakar gida tac ce, ba ta ce ɗaki ba. Na kife kwano bisa wurin. Shina turewa."

Na ce ta yafe mini. Ta dube ni da mamaki na gaskiya.

"Mi kinka yi, Malama? Ke ma aiki ya yi miki yawa, kullum kina gudu. Haka Allah ya rubuta."

Da ta zage ni da na fi samun inda zan tsaya. Tambayar tata ba za ta kai lokacin cikar buta ba. Amsar kuma na san ta, kalma ɗaya ce.

Na gaya wa nas ɗin, aka aika aka fasa daɓen. Daga ranar aka ƙara tambayar ɗaki a cikin bayanin sallama, aka kuma ce a riƙa jan mata masu ɗan fari gefe su kaɗai. Ƙila hakan ya tsirar da wani yaro, ban sani ba. Nasu dai an sallame su bayan makonni, yana goye a bayan uwarsa, kansa na lilo.

Na kai maganar gaban fasto. Ya saurare ni da haƙuri, ya ce ai ba yawo na tafi ba, aikin Ubangiji na tafi yi, kada in ɗora wa kaina abin da ba nawa ba. Na yi godiya na tashi, amma maganar ba ta shiga ba. Na koma gida wajen Inna. Ta zaunar da ni ta tsefe mini kai, ta yi mini kitso a hankali, ina jin numfashinta a ƙeyata. Na daina zuwa koyon waƙa. In aka tayar da waccan waƙar ranar Lahadi sai in riƙa motsa baki kawai.

Takardar makaranta ta fito, na tafi. Duk hutu ina cewa zan je Sunke in ga yadda yake, sai wani abu ya shiga. Lokacin da na ɗaura niyya sosai, hanya ta riga ta lalace, 'yan bindiga sun hana kowa sakat. Masu babur uku na tambaya. Na ƙarshen ya ce, "Malama, ke kin gaji da duniya ne? Ni ban gaji ba."

Daga baya mutanen ƙauyuka suka riƙa gudowa cikin Anka, suna kwana a duk ginin da ya samu. Na shiga cikin matan ina cigiya: wata siririya daga Sunke, da yaro marar gani, yanzu zai kai shekara bakwai ko takwas. Wata dattijuwa mai tankaɗe ta ɗago ta ce irin waɗannan yaran ai da yawa, mi sunan shi?

Ashe ban san sunan ba. Uwarsa ba ta taɓa faɗa ba. Kakarsa angonta take cewa. Sunan yana rubuce a katin da na riƙa ɗauka ina ajiyewa kullum, amma ni lokacin magani nake dubawa. Na uwar ma ban sani ba. Dattijuwar ta jira ni kaɗan, ta ci gaba da tankaɗenta.

Har yau in an yi wa'azi a kan lokaci ina sauraro, ina kuma gaskata cewa za a tambaye mu. Abin da zan amsa ne ban samu ba. Ina sa yaron cikin addu'ar safe, ba suna, sai dai in ce ɗan matar Sunke. Ban san ko mai rai nake roƙa wa sauƙi ba, ko kuwa ya daɗe da wuce bukatarsa.