Sakin Layin da Aka Ce In Goge

Har yau safiyar Lahadin nan ba ta fita raina ba. Ina shekarar ƙarshe a karatun shari'a, ina tadrib, wato horon aiki, a wani ofishin lauyoyi nan Jidda. Idan horon ya ƙare, mudir, shugaban ofis, ne ke rubuta takardar da za ta sa a riƙe mutum ko a sallame shi. Ni kuwa ko gaisuwar safe da ƙyar take fita bakina.

Kamfanin da muke wakilta yana rigimar kwangila da wani kamfanin Amurka. Ɓangarorin suka yarda a bar kotu, a nemo mutum ɗaya ya raba gardamar. Muka gabatar da wani tsohon alƙalin kotun ƙoli ta wata jiha a can. Ga wanda bai sani ba, kowace jiha da tata kotun ƙolin, kuma a wasu jihohin jama'a kan kaɗa ƙuri'a lokaci-lokaci a kan alƙali ya ci gaba ko ya sauka.

Mudir ɗinmu, Ustaz Hamza, haifaffen Ammariyya, ya ce in haɗa tarihin mutumin a shafi ɗaya, a aika wa ɗaya ɓangaren. Mako guda na yi ina karatu. Ɗan direban bas ne. Ya fara aiki da kare waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya, ya yi ta hawa har kotun ƙoli. A can ya rubuta hukuncin da ya soke ɗaurin wani mutum, saboda an karɓi shaida ba bisa ƙa'ida ba. Jama'a suka fusata, suka sauke shi da ƙuri'a. Na sa wannan a sakin layi na ƙarshe.

Ustaz ya karanta, ya cire tabarau.

"Ya Hauwa, mutum zai zo mana baƙo, sai mu rubuta an kore shi? Aib ne, abin kunya. Goge, halas."

"Ustaz, lauyoyin can za su gano. Za su ce mun ɓoye."

"Ashe kina magana? Wata uku na ɗauka firinta ce ke gaishe ni. Goge."

Na goge. Amma na buga na farkon ma, na sa a ƙasan fayil, ban san me zan yi da shi ba.

Ranar Lahadi alƙalin ya iso, dattijo dogo da sanda. Bayan gahawa da dabino Ustaz ya miƙa masa shafin ya duba kafin a aika. Ya karanta, ya juya bayan takardar, ya ce, "Ina sauran?"

Ustaz bai dube ni ba. Na san idan na fito da ɗayan, na nuna wa Ustaz a gaban baƙo cewa ban bi umarninsa ba. Duk da haka na zaro shi na ajiye a gaban alƙalin.

Ya karanta a hankali, ya yi dariya. "Wannan za a aika. Na sha kaye sosai. Matata kaɗai nake zaton ta zaɓe ni, ita ma ban tambaye ta ba." Sannan ya ce wa Ustaz duk wanda zai ba shi amanar rigimarsa ya kamata ya san abin da ya taɓa rasawa saboda hukunci.

Ɗaya ɓangaren ya amince da shi. Ustaz bai sake tada maganar ba. Da horon ya ƙare ya kira ni ya ce, "Yalla, teburin nan naki ne. Amma gaba, ki yi min gardama sau biyu kafin ki ɓoye takarda a fayil."

Ku da kuke fara tadrib, a gidajenmu an koya mana rufa wa baƙo asiri, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai takardar da za ta je hannun abokin shari'a ba falon baƙi ba ce. Ku rubuta ta cikakkiya, ku kuma buɗe baki tun a ofis.