Gwaggo Saratu da Burukutun Barking

Gwaggo Saratu, ƙanwar babana, ba ta taɓa gaida mutum kafin ta gaida tukunyar burukutu ba. Ku da kuka zauna Landan zamanin kuɗin mai kun san ba sharri nake mata ba. Sai ta manna kunne a jikin tukunya, ta yi tsit, sannan ta waiwayo ta ce, "Tana numfashi. To, ina kwananku?"

Lokacin ma'aikatan gwamnati na ta kwararowa kwas, kowa na roƙon su taho masa da kilishi, ita kuwa dawa. Wani babban sakatare ya taɓa isowa da kwat da taye, rabin akwatinsa jar dawa. Ya ce, "Mama, saura ƙiris customs su riƙe ni!" Ta damƙi hatsin, ta shinshina, ta ce, "Da sun riƙe ka ma ba asara, wannan ai ta bara ce."

A bahon wankan gidansu na unguwar Peckham take jiƙa dawar har ta tsira. Mijinta Baba Ishaya ya kwana huɗu yana wanka a bokiti, ya gaji ya yi magana. Ta ce, "Ishaya, kai ka gama tsiro tuntuni. Bar masu yi su yi."

Ina karatun nas babana ya rasu a gida, aka binne shi ban je ba. Abin ya ci ni ƙwarai. Mutanenmu na coci suka sa ranar zaman makoki a masaukina na unguwar Barking, mu kuwa a garinmu ba a sallamar dattijo babu burukutu. Na ɗauka Gwaggo za ta dafa. Ina! Ta dire mini garin tsiro da guntun tsohuwar giya a kwalba, ta ce, "Ke ce 'yarsa. Ni baki kawai zan sa."

Ban taɓa yi ba, amma na dafa, na tace, na bari ya huce, na zuba guntun nan kamar yadda ta ce. Yini guda tukunya shiru. Na buga mata waya. Ta ce, "Ke ranar da kika sauka ƙasar nan kin iya buɗe baki don sanyi? Yafa mata bargo, ki daina leƙe!"

Washegari kumfa ta taso har tana tura murfi, ga ƙugi, ga tsami ya cika ɗaki. Ni da aka koya wa tsoron ƙwayar cuta, na ce shi ke nan, ta ruɓe, na kunyata babana. Na ja tukunyar zan tuttular ke nan sai ga Gwaggo a ƙofa tana haki, ashe tun safe ta kamo jirgin ƙarƙashin ƙasa.

"Ajiye! Rifkatu, ajiye na ce! Aiki take yi, ke kuma za ki yi mata discharge, ki sallame ta daga asibiti?"

Ranar taron da safe kumfar ta kwanta, na ce wayyo, yanzu kam ta mutu. Gwaggo ta harare ni ta ce, "Ta yi shiru kin yi kuka, ta yi magana kin yi kuka. Ƙoshi ta yi, 'yar nan. Kawo ƙwarya."

Dattawa sun zazzauna, kowa ya zuba wa Gwaggo ido, don duk Landan ba wanda giyarsa ta taɓa tsira daga bakinta. Ta kurɓa, ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Tsami ya yi yawa," in ji ta. Sai muryarta ta karye. "Haka Yaya yake son ta. Ku ba kowa."

A ranar na ji na binne babana.

Gwaggo, kin ba mu dariya, kin share mini hawaye a ƙasar da ba ni da uwa. Allah Ya ji ƙanki, Ya ba ki hutawa kusa da yayanki. Amin.