Ranar da Malam Lawali ya yi cinikin inibarsite

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da Malam Lawali na Kwaya ya shigo burona, wato ofishina, ba. Lokacin ina sansar, wato mai bi wa shugaban makaranta a kan sha'anin karatu, a wani lise, babbar sakandare, a Magariya. Ƙarshen damina ne, an gama jarrabawar bak ta ƙarshen sakandare, ɗiyarsa Zuwaira ta ci, ta samu wuri a inibarsite a Damagaram, ga kuma bus, kuɗin da gwamnati ke taimaka wa ɗalibi da su.

Ku da kuka fara aiki yanzu, ku sani cika takardu ba shi ne ƙarshen aikinmu ba. Sai an zauna da uba an yi masa ƙiyasin abin da zai fita daga aljihunsa bayan an cire bus.

Ya shigo da babbar riga, Zuwaira na bayansa. Bayan gaisuwa ya kira ni yadda ake kiran malamin boko da faransanci, ya ce, "Mushe, na zo in ji nawa ne rabona a wata. Akwai wani moto mai ƙafa biyu da na yi wa magana a kasuwa."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ashe a garinsu an ce masa bus albashi ne.

Na jawo kujera kusa da shi, na fara jero masa: kuɗin rajista, ɗaki, abinci, mota, fotokopi, sabulu, kiredin waya. Na ce kuma kafin takardu su kammala kuɗin su fara shiga, shi zai riƙe ta. Da na cire bus, na faɗa masa abin da ya rage, da Hausa, a lissafin dala irin na kasuwa, don kada faransanci ya sassauta labarin.

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Wato ni ne zan biya gwamnati?"

Na sha ganin karatu ya mutu a daidai wannan wuri.

Sai ya gyara zama kamar mai tayin sa a kasuwar dabbobi. "Mene ne fotokopi?" Na yi bayani. Ya ce, "Ba ta da hannu ne? Rage." Ɗaki? Yana da ƙanwa a unguwar Birni, cikin Damagaram. Abinci? Gero da wake da man gyaɗa za su riƙa zuwa daga gida. Mota kuwa, ya ce ƙafar da ta saba zuwa gona, kwalta ba za ta gagare ta ba. Na ce, "Malam, ni fa ba ni nake sayarwa ba." Ya ce, "Duk haka kuke cewa."

Muka iso kan kiredin waya. Na ɗaga biro zan soke da kaina.

Ya ce, "Dakata. Wannan na mene ne?"

Na ce na kiran gida ne.

Bai dubi ɗiyarsa ba. Can ya ce, "Ninka shi. Uwarta ce, ba ta da haƙuri."

Zuwaira ta ce a hankali, "Baba, ai Inna ba ta da waya. Kai ke da ita."

Ya mayar da hularsa ya ce in ci gaba da lissafi.

Ta tafi Damagaram da aka koma karatu. Tun daga ranar, in uba ya fara yi mini ciniki ba na jin haushi. Wanda ya yi niyyar hanawa ba ya tsayawa ciniki, godiya yake yi ya tashi.