Ranar da Addu'a Ta Cinye Mana Kwalbati

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina a matsayin mai baki a unguwarmu ta Turaki, aka ɗora min yin magana a gaban wani Onarabul. Buƙatarmu ɗaya ce, kwalbati. Duk damina ruwan layinmu ba shi da hanya sai ta ɗakin mahaifiyata, har ta saba ɗora buhun masara a kan gado, ita ta zauna a kan turmi. Da ƙyar mutumin nan ya yarda zai leƙo mu, kuma aka ja mana kunne cewa ba zai daɗe ba, yana da ta'aziyya a Lau.

Kun san tsarin taro a Jalingo. In Musulmi ya buɗe da addu'a, Kirista ne zai rufe, in ba haka ba a yi mako ana ƙorafi. To abokina da ya shirya taron sai ya yi dogon tunani: in Onarabul ya tashi da wuri, addu'ar rufewa ta faɗi ke nan, maƙwabtanmu Kirista su ce an ci musu fuska. Ya yanke a yi duka biyun a farko. Ni da bakina na ce masa wannan ita ce hikima.

Liman ya fara. Bawan Allah bai taɓa samun lasifika da babban mutum a wuri ɗaya ba. Ya yi wa ƙasa addu'a, ya yi wa jiha, ya bi iyayen Onarabul da kakanninsa, ya gangaro kan manoma da makiyaya. Fasto na gefe yana gyaɗa kai, ashe awo yake yi. Da ya karɓa sai ya ce, "'Yan'uwa, kafin addu'a, waƙa guda ɗaya kawai." Matan zumunta suka ɗauka. Waƙar ɗaya ce kam, ƙarshe ne ba ta da shi.

Ina tsaye cikin babbar rigar aro, ina bitar jawabina a zuci, gumi na bin bayana. Fasto na cewa amin, wani dattijo ya ɗaga sanda.

"Useko, a yi haƙuri, amma nasu ya fi namu tsawo. Malam ya ƙara Fatiha."

Malam ya ƙara, har da salati. Daga can baya wata mama ta ce, "Ai to mu ma Fasto zai sa albarka!"

Ana cikin sa albarka Onarabul ya dubi agogo. Ya miƙe ya ce bai taɓa ganin unguwa mai tsoron Allah da haɗin kai irin tamu ba, mutane irinmu ba abin da zai dame su. Aka yi tafi. Wallahi har da ni a masu tafin. Motarsa ta faɗa ramin da muke nema wa kwalbatin, ta yi tsalle, ta wuce.

A gida mahaifiyata ta tare ni. "Me ya ce a kan ruwan?"

"Dada, ba a kai nan ba. Addu'a aka yi."

Ta dube ni daga hula har takalmi. "Allah yana nan har gobe, ba inda za shi. Wancan ne mai tafiya Lau."

Daminar nan ruwa ya yi mana ɓarna sosai. Ranar da ya fi yawa, Liman da Fasto ne suka fara isowa, wando a naɗe, kowa da bokitinsa. Kwalbati kuwa sai daga baya muka yi abinmu da aikin gayya.

Har yau ina son al'adar nan ta addu'a biyu, don na san abin da take tsare mana a garin nan. Amma raina na sosuwa in na tuna tsohuwa ta ƙara kwana da ƙafa cikin ruwa saboda muna gudun ɓata wa juna rai. Shi ya sa yanzu duk taron da aka ba ni magana, tun a bakin mota nake tare babban baƙo in faɗa masa abin da ya tara mu. In ya so a yi ta addu'a har la'asar, amin ɗina ya fi na kowa ƙarfi.