Na Je Legas Ɗibar Kashin Rago

Litinin: Zariya zuwa Ilori

Ƙarfe biyar da kwata na asuba motarmu ta bar tasha, ina rungume da kula mai kwalabe arba'in da cokula arba'in. Digiri na uku nake yi a fannin lafiyar dabbobi, a kan wahalar da raguna ke sha idan an kai su Kudu a tirela. Ana gane wahalar ne a kashin da rago ya fara yi bayan an sauke shi. E, kashi. Ku yi dariyarku, dangina ma sun gama tasu.

Shekara biyu ina rasa lokacin Babbar Sallah, Farfesan da ke duba aikina kuma ya ce bana in na rasa, wa'adina ya ƙare. Wata uku ke nan idona na hagu yana rawa, ga hawan jini.

A shingen bincike bayan Mokwa wani jami'i ya buɗe kular, ya ga cokula.

"Hajiya, biki za a yi?"

"Biki ne," na ce, don ba ni da ƙarfin bayani.

Mun shiga Ilori dab da magariba. Na kama ɗaki kusa da tasha, na ci amala ina amsa saƙon Farfesa da hannun hagu.

Talata: Agege

Ƙarfe ɗaya da rabi na isa gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, wadda ta shekara talatin tana sayar da zoɓo a Agege. Ta rungume ni, ta ce na rame, ta ɗora min tuwo. Sai na roƙi gurbi a firizarta.

"Me za ki sa?"

Na faɗa mata.

"A firizar zoɓona? Haba, jo, don Allah! Duk bokon nan, Rabi, ƙarshensa bin bayan rago da cokali? Ƙanƙara dai zan ba ki, ko buhu ce. Amma kular nan a soro za ta kwana."

Laraba: Alaba Rago

Danfo uku na hau, bas-bas ɗin haya na Legas: Iyana Ipaja, Igando, sannan Iyana Iba. Kwandasta ya ce kulata ma fasinja ce, na ɗora ta a cinya muka yi ta harara. Ƙarfe tara saura na isa kasuwar raguna ta Alaba Rago, wurin Baba Idi, wani dattijo mutumin Tawa ta Nijar da Gwaggo ta haɗa ni da shi. Na tarar an gama sauke tirelarsa, ita ce kuma ta ƙarshe da zai karɓa kafin Sallah.

Na sa safar hannu, na zaro cokali, na tsaya bayan ragon farko. Shiru. Na koma na biyu, ya juyo ya kalle ni. Farfesa ya kira, na amsa da ƙarfi ina zagaye garken. Na kira ɗakin gwaji na yi faɗa. Duk inda na nufa, ragunan su dunƙule a ɗaya kusurwar. Har azahar ko ƙwaya ɗaya ban samu ba. Wallahi sai da na roƙi wani farin rago, na ce masa ya dubi Allah. Daga nan na fashe da kuka, da cokali a hannu.

Baba Idi yana can yana shafa wa wasu raguna shuɗin fenti a kafaɗa. Ya ajiye gwangwanin.

"Ɗiyata, kamyo, tirelar nan, ta sauke su tun safe, amma ke kin hana su sauka. Rago ba ya sakin ciki sai ya ga kowa ya natsu."

"Baba, ba ni da lokaci!"

"Su ma sun ga haka. Kawo wayar."

Ban san me ya sa na miƙa ba. Ya jefa ta cikin buhun dusa, ya nuna min tabarma a inuwa, ya zuba min shayi. Na tambaye shi dalilin shuɗin fentin.

"Wanda hanya ta fi bugawa ne. Kwana uku ba a nuna shi ga mai saye, ba a ja masa igiya. Ruwa, dusa, inuwa."

Na ce zan zauna minti biyar. Na jingina da buhunan. Abin da na sani kawai, muryar Baba ce ta tashe ni wajen ƙarfe uku.

"Lokotoro," in ji shi, wato likita a bakin mutanen Nijar, "tashi a hankali. Kasuwarki ta buɗe."

Ragunan sun bazu suna tuƙa, wasu a gefen tabarmata. Sai na ji wani sauti kamar ana zuba gyaɗa a faranti. Ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba! Na bi su a sanɗa, ba gudu ba waya, kafin biyar kwalabe arba'in sun cika.

Ina rufe kula Baba ya tuntsire da dariya. Ashe ina barci wani rago ya goga min ɗanyen fentinsa a kafaɗar hijabi.

"Ba ni na sa ba," in ji shi, "amma ragon nan ya san aikinsa."

Alhamis da Juma'a: komawa

Gwaggo ta cika kular da ƙanƙara tana toshe hanci, ta ƙi taɓa hijabin, wai a bar shaida. A shingen Mokwa jami'in nan ya gane ni.

"Hajiya, ina tsarabar biki?"

Na ce ya buɗe da kansa. Ya buɗe kwalba ɗaya, ya rufe, ya ce direba ya ja mota.

Ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a na sa kwalaben a firizar ɗakin gwaji, arba'in cif, da sanyinsu. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Gwaggo da Baba Idi, da ragunan da suka ba da haɗin kai.

Ina fitowa na ci karo da Farfesa.

"Madalla, Rabi! Gobe da bakwai ki fara gwaji. Wannan fentin fa?"

Idona na hagu ya fara rawa. Na dubi kafaɗata.

"Ranka ya daɗe, alama ce. Mai irinta kwana uku ba a ja masa igiya. Sai Talata."

Ya tsaya yana kallona, na wuce gida na ce a dama min kunu.